Hurumi da Mayar da Shari'ar Aure: Nazari daga Sabon Ibadan

Gabatarwa

A wannan ɗan nazari ina so mu duba wasu kalmomin shari'a da ɗalibin fassara kan ɗauka ma'anarsu ɗaya, alhali a gaban alƙali kowace da inda ta dosa. Na zaɓi Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan wadda aka kafa a 1916, domin tun zamanin fataken goro da shanu ake ɗauro aure a Arewa a kawo amarya nan. Mu ƙaddara an ɗaura aure a Kano, amarya ta tare a Sabo, zama ya ƙi daɗi har magana ta kai kotu, sannan ta koma gidan iyayenta. Shin za a iya ɗauke shari'ar daga Ibadan a kai ta Kano?

Hurumi

Amsar tana rataye ne a kan kalmar "hurumi". Asalinta Larabci ne, kuma a Hausar gargajiya tana nufin filin da aka keɓe wa gari, wanda wani ba shi da damar shiga ya nome. Daga nan ma'anar ta faɗaɗa, ta koma iyakar ikon kotu. A ganina aron ya dace ƙwarai, don kuwa kotu ma tana da shinge, kuma a Nijeriya shingen shari'ar aure ya danganta da irin auren da aka ɗaura.

Idan auren rajista ne, wanda jama'a ke kira auren kotu, Dokar Shari'o'in Aure ta 1970 ce ke aiki. Doka ce ta tarayya, saboda haka Babbar Kotun kowace jiha tana da hurumi a kansa, kuma sashe na 9 ya yarda kotun da aka kai ƙara ta mayar da ita wata kotun idan adalci ya bukaci haka. A nan kaɗai "mayar da shari'a" daga jiha zuwa jiha ke da cikakkiyar ma'ana: takardu su tashi daga Ibadan su sauka Kano, a ci gaba da shari'a a can.

To, amma aure nawa ne a Sabo aka ɗaura a ofishin rajista? Yawanci a masallaci ko a ƙofar gida ake ɗaurawa, da waliyyi da sadaki da shaidu, wannan doka kuwa ba ta shafi irin wannan aure ba. Sashe na 275 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowace jiha mai bukata damar kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, sai dai Jihar Oyo ba ta kafa ba. Abin da ke akwai su ne kotunan gargajiya, irin ta Mapo, waɗanda dokar jiha ta kafa, ikonsu kuma bai tsallake iyakar jihar ba. Akwai kuma kwamitin shari'a mai zaman kansa da Musulmi suka kafa a Ibadan a 2002, wanda sai da yardar masu jayayya yake sauraronsu. Tun kafin wannan, mutanen Sabo sun saba kai rigimar aure gaban Sarkin Hausawa da malamai, kamar yadda Abner Cohen ya nuna a littafinsa na 1969 a kan unguwar. Duk cikinsu babu mai ikon aika wa alƙalin Kano shari'a ya ƙarasa.

Ke nan matar da muka yi misali da ita sabuwar ƙara za ta shigar a kotun Shari'ar Musulunci a Kano. Daga nan wahala ke farawa: sai sammaci ya iske mijin a Sabo, shaidun da suka ga zaman kuma maƙwabta ne na Ibadan, ga kuɗin mota. Kafin a gama, ita tana zaune ba aure ba saki.

Inda mai fassara ke tuntuɓe

Kada mu rikita "mayar da shari'a" da "ɗaukaka ƙara". Ta biyun sai an yanke hukunci ake yin ta, zuwa kotu ta sama. "Kotun iyali" ma tarko ce: wadda Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta tanada al'amuran yara take duba, ba ita ke kashe aure ba.

Babban tarkon shi ne yadda Turanci kan tara mutuwar aure a kalma ɗaya, Hausa kuwa ta rarrabe. "Saki" a hannun miji yake, da baki ko a takarda, ba sai an je kotu ba. "Khul'i" shi ne mace ta fanshi kanta, galibi ta hanyar mayar da sadaki. "Raba aure" kuma aikin alƙali ne, saboda cutarwa ko rashin ci da sha. Duk wanda ya rubuta "kotu ta saki matar" ya ba alƙali matar da bai aura ba. Kuskuren ba na nahawu kaɗai ba ne: bayan saki ɗaya ko biyu miji na iya yin kome cikin idda, bayan khul'i kuwa sai dai sabon ɗaurin aure, da yardarta.