Kwana Biyu a Kurɗuba: Ta Ina Za Mu Fara?

Tambaya: Malam, ni da maigidana za mu je hutu Sifen, muna son ganin Kurɗuba, amma kwana biyu ne gare mu. Ta ina za mu fara?

Amsa: Hajiya, Allah ya kai ku lafiya. Daga Madrid ku hau jirgin ƙasa mai sauri, tafiyar kusan awa biyu ce. Ranar da kuka sauka kada ku matsa wa kanku. Ku huta, da yamma ku taka zuwa tsohuwar gadar Rumawa.

Washegari ku yi sammako zuwa babban masallacin da Abdurrahman na Farko ya soma ginawa wajajen 785. Ku sani tun 1236 aka mayar da shi coci, ba a barin a yi salla a ciki, don haka ku yi taku a masauki. Ku sayi tikiti ta intanet tun kafin ku isa.

Idan lokaci ya rage, ku leƙa kufan Madinatuz Zahra a bayan gari. Ku sa takalmi marar tsini, lungunan Kurɗuba daɓen dutse ne. Ku guji Yuli da Agusta, zafi kan haura digiri 40.