Sana'ar Hannu Bayan An Tashi Daga Aiki

Tun zamanin kakanni, mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun ba su dogara da aiki ɗaya ba. Da damina kowa manomi ne. Idan aka zuba gero da dawa a rumbu, sai kowa ya koma ga abin da hannunsa ya iya. Wani ya zauna ɗinkin hula, wani saƙar tabarma da kaba, wani dukanci, mata kuma saƙar faifai. Ranar Talata a kai abin da aka gama kasuwar Mafara. A ƙasar da ta fitar da mawaƙa irin su Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, ba a raina mai fasaha.

A wancan tsari, shekara ce da kanta take raba wa mutum lokaci. Yanzu abin ya sauya. Da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, noman rani ya kankama a ƙananan hukumomin nan uku. Manomin shinkafa ya zama ba shi da rani na hutu. Ga kuma masu aikin albashi: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti da na ƙaramar hukuma, da ma'aikatan manyan makarantu kamar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau. Aikinsu ba ya la'akari da damina ko rani. Wanda yake son sana'ar hannu a cikinsu, dole shi zai yanka mata lokaci.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan La'asar zuwa kusan Magariba, idan mutum ya ci abinci ya ɗan huta. Rana ta yi sanyi, kuma akwai haske. Awa ɗaya a kullum ta fi a kwana ana aiki ranar Asabar. Ɗinkin hula aiki ne na ido. Mai bin zane da allura a hasken tocila ko na waya yana wahalar da idonsa, ɗinkin kuma ba ya fita da kyau. Yana da amfani ya riƙa ɗaga kai yana duban nesa, ya miƙe ya motsa wuya da baya. Idan yatsu suka fara tsami, aikin ranar ya ƙare.

Babban abin da yake kashe daɗin sana'a shi ne alkawari. Hula mai kyau takan ci makonni a hannun wanda yake ɗinki da yamma kawai. Idan mutane suka ga aikinsa ya yi kyau, sai su fara kawo kuɗin kafin alƙalami, musamman da azumi, kowa yana son tasa kafin Sallah. Mai karɓar kuɗin mutum biyar alhali biyu zai iya gamawa ya ɗauko wa kansa bashi. Daga nan sai ɓuya, sai makara wurin aiki, sai gyangyaɗi a ofis. Taura biyu ba ta taunuwa. Ya fi masa ya gama abu tukuna sannan ya sayar, ko kuma ya faɗi ranar da ya tabbata zai cika, har ya ƙara mako ɗaya a kai. Cewa "ba zan samu dama ba" ba rashin kunya ba ne.

A nan ne karatu da rubutu suke da rana. Mai sana'a ya sami ƙaramin littafi. A shafi ɗaya ya rubuta kuɗin zare da ƙyalle da ladan mai zane. A ɗaya shafin ya rubuta sunan mai aiki, da abin da ya bayar, da ranar alkawari. Wanda ya sayi kayan aiki na naira 3,000 ya sayar da hular naira 8,000, ribarsa naira 5,000 ce. Sai ya tambayi kansa kwana nawa ya yi a kanta. Sau da yawa zai ga ribar ba ta kai yadda yake zato ba. Wannan ba dalilin bari ba ne, domin akwai natsuwa da hira da abokai a gindin bishiya, waɗanda ba sa shiga lissafi. Amma dalili ne na kada ya yi wasa da aikin da yake ciyar da iyalinsa. Kuɗin sana'a kuma a ware su daban da na cefane, don kada jari ya narke.

Ga matan aure masu saƙa ko ƙunshi ko ɗinkin zannuwan gado, hidimar gida ita ce aikin yini. Hantsi, bayan yara sun tafi makaranta, shi ne nasu lokacin. Yara suna iya taya su, amma ba a hana yaro makaranta saboda talla.

Akwai kuma doka da ma'aikacin gwamnati ya kamata ya sani. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya hana cikakken ma'aikacin gwamnati gudanar da kasuwanci ko sana'a ta ƙashin kansa, in ban da noma. Saboda haka idan abin sha'awa ya girma har ya kai ga buɗe shago da ɗaukar yara, sai ya nemi bayani a wurin shugabanninsa kafin ya ci gaba. Sa'o'in ofis da kayan ofis kuwa, ba na sana'arsa ba ne ko kaɗan.