Kafin a Kawo Na'urar Leƙa Ciki Asibitin Karkara

Mai aman jini a ƙauye, ko wanda abinci ya fara tsaya masa a ƙirji, sai ya yi doguwar tafiya kafin ya isa inda za a leƙa cikinsa, irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Da yawa ba su da halin tafiyar, sai su zauna suna shan maganin olsa har ciwo ya ci ƙarfinsu. Shi ya sa shugabannin asibitocin karkara da ƙungiyoyin ci gaban gari ke son kawo endoskofi, wato siririn bututu mai fitila da kyamara da ake zurawa ta baki a duba maƙogwaro da tumbi da farkon hanji. Niyya ce mai kyau. Shawarata gare ku ita ce na'urar ta zama abu na ƙarshe da za ku saya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku fara da mutane. Ku nemi ƙwararren likita daga babban asibiti, ku yi yarjejeniya ya riƙa zuwa a tsayayyar rana, ko da sau ɗaya ne a wata. Idan ranar ta dace da ranar kasuwa, mutanen ƙauyuka za su sami mota cikin sauƙi. Ku tura likitanku da nas biyu su koyi aikin a hannunsa. Ku soma da leƙen tumbi kaɗai. Leƙen babban hanji ya jira, don yana buƙatar wankin ciki da ƙarin ƙwarewa.

Sai wanki, wanda shi ne ƙashin bayan aikin. Bututun da ya fita daga cikin wani zai shiga cikin wani, kuma idan aka yi sakaci zai iya ɗaukar cuta daga wannan zuwa wancan. Da an fitar da shi a goge shi, a gwada ko ya huje, a wanke ramukansa da buroshi da sabulun da aka yi domin haka. Daga nan a jiƙa shi cikin maganin glutaraldehyde mai ƙarfin kashi 2 cikin 100 na kimanin minti 20, a ɗauraye da tataccen ruwa, a busar, a rataye shi a tsaye. Nas ta sa safar hannu, ɗakin kuma ya kasance iska na ratsa shi, saboda tururin maganin yana cin ido da ƙirji. Ranar da babu tsabtataccen ruwa, kada a duba kowa.

Wuta ma haka. Ɗaukewarta alhali bututu na cikin mutum hatsari ne, hawa da saukarta kuma na ƙona na'ura. Ku tanadi sola da batir, janareta ya zama na ko-ta-kwana. A ajiye iskar oksijin da ɗan abin da ake maƙalawa a yatsa don auna ta a jini. Yawancin waɗanda za a leƙa tumbinsu feshin lidocaine a maƙogwaro ya ishe su, ba sai an sa su barci ba, muddin sun yi awa shida ba su ci abinci ba.

Ba kowane mai ciwon ciki ne za a leƙa ba. A fifita mai aman jini, mai baƙin bayan gida, mai wahalar haɗiya, mai rama babu dalili, da mai ƙarancin jini. Matashin da ba shi da waɗannan alamu ana iya gwada bayan gidansa a nemi ƙwayar Helicobacter pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano a 1982 tana haddasa gyambon ciki, a ba shi magani. A yankunanmu ciwon hanta nau'in B da tsargiyar hanji, wadda ke kama masunta da manoman rani, suna kumbura jijiyoyin maƙogwaro har su fashe. Ɗaure su da zoben roba yana ceton rai, don haka ku tanadi zoben, ku kuma tanadi jini.

Idan aka ga abin da ake zargin daji ne, za a gutsuro 'yar tsoka a sa cikin formalin. Tun kafin ranar farko ku san ɗakin gwajin da zai karɓa, da wanda zai kai, da wanda zai kira majinyaci ya faɗa masa sakamako.

Kada ku karɓi kyautar tsohuwar na'ura sai kun tabbatar akwai mai gyaranta da kayanta a ƙasar. Daga kuɗin kowane gwaji a ware kason gyara da na magani.

Ya ku masu hannu da shuni da ke son taimakon garuruwanku, ku fara biyan kuɗin horar da ma'aikata, ku haƙa rijiyar burtsatse, ku sa sola. Idan waɗannan sun kammala, a sayo na'ura. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.