Kafin Ɗan Makulli Ya Karye a Ƙofa

Makullin ƙofa ba ya lalacewa farat ɗaya. Yakan yi makonni yana ba da alama: yau ɗan makulli ya shiga da ƙyar, gobe sai an jijjiga shi kafin ya juya, jibi sai an tokare ƙyaure da gwiwa. Mutanen gida kan saba da haka, har kowa ya koyi dabarar buɗewa, kuma ba wanda ya kira mai gyara sai ranar da ɗan makullin ya karye a ciki. Shawarata ga maigida, da mai shago, da duk wanda aka danƙa wa kulawar makaranta ko ofis, ita ce a ɗauki wannan alamar da muhimmanci tun ranar farko, domin gyaran da ake yi a lokacin ba ya wuce 'yan mintuna.

Yana da kyau a san abin da ke cikin makullin. Yawancin waɗanda ke ƙofofinmu a yau, da kwaɗunan da muke rataya wa shaguna, sun samo asali ne daga ƙirar da Linus Yale ƙarami ya yi wa rajista a Amurka a 1861, ya kuma inganta a 1865. A cikin silindar, wato ɓangaren da ake zura ɗan makulli, akwai 'yan ƙananan ƙarafuna, galibi layi biyar ko shida, kowanne da siririn sifirin da ke danna shi. Haƙoran ɗan makulli ne ke ɗaga kowane ƙarfe zuwa daidai tsayin da zai bar silinda ta juya. Tsakanin waɗannan ƙarafunan da ramukansu babu sarari sosai, don haka ƙura kaɗan ta isa ta hana ɗaya motsi. Wanda ya san yadda hunturu ke lulluɓe Kano ko Maraɗi da ƙura daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba zai yi mamakin yadda makullai ke cijewa a wannan lokaci ba.

A nan ne mafi yawanmu ke ɓata makulli da hannunmu. Da ya cije sai a ɗiga masa man gyaɗa, ko manja, ko baƙin mai. Ranar zai yi laushi, a ji daɗi. Bayan 'yan makonni man ya kama ƙura ya zama danƙo, sifirin ya kasa tura ƙarfe, makullin ya fi da taurin kai. Kada a zuba wa silinda kowane irin mai mai maiƙo. Abin da take so shi ne busasshen abu mai santsi. Mafi sauƙi shi ne fensir: a goga bakinsa sosai a haƙoran ɗan makulli, a zura a zare sau da yawa, a share baƙin da ya fito, a maimaita. Akwai kuma feshin makulli busasshe a shagunan kayan gini. Idan an riga an cika silinda da mai, sai a fara wanke ta da feshi irin WD-40, a bari ta tsane ta bushe tukuna, domin garin fensir da mai idan suka haɗu taɓo suke zama. Maiƙo yana da wurinsa: hinji, da sakata, da tayoyin get. Nan kam a shafa giris ba rowa.

Sau da yawa ma laifin ba na makulli ba ne. Ga gwajin da ke raba gardama: buɗe ƙofar, ka juya ɗan makulli tana buɗe. Idan ya juya lafiya lau, amma da an rufe sai ya cije, to ƙyaure ne ya sauka ko ya kumbura, harshen makulli ya daina saduwa da raminsa a jikin firam. Ƙofar katako takan sha danshi ta kumbura da damina, ta motse da rani. Ta ƙarfe kuma nauyinta ne ke jan hinji ƙasa. Shafa alli a harshen, ka rufe ka juya, za ka ga inda yake gogawa. Wani lokaci ɗaure ƙusoshin hinji kaɗai ya wadatar. Idan ramin ƙusar ya buɗe a katako, a cusa masa tsinken ashana da gam a mayar da ƙusar. Idan hakan bai yi ba, kafinta ko mai walda ya ɗan faɗaɗa ramin firam. Abin da ba na so a yi shi ne a ci gaba da murɗawa da ƙarfi, domin ɗan makulli ƙarfe ne mai taushi, kuma a wuyansa yake tsagewa. Idan ya riga ya karye, kada a tura guntun ciki da tsinke, kada kuma a gwada liƙo shi da gam mai saurin kamawa. A jawo shi da siririyar filaya in bakinsa ya leƙo, in bai leƙo ba a kira mai sana'ar.

Game da kwaɗo, nauyinsa a hannu ba shi ne ingancinsa ba. A duba kaurin maratayinsa, a kuma duba zoben da aka rataye shi a ciki, domin ɓarawo yakan bar kwaɗo mai tsada ya fasa waldar da aka yi a gurguje. Kwaɗon da ke kwana a waje a yi masa hula da guntun robar taya kafin ruwan farko.

Sai babbar magana, wadda ba ta buƙatar sukundireba: su wa ke riƙe da 'ya'yan makullin? Da ɗan gari akan ci gari. Wanda ya kama haya ya tare ba tare da ya sauya silinda ba, bai san adadin mutanen da za su iya buɗe ƙofarsa ba: ɗan hayar da ya tashi, da dillali, da mai fenti, da yaron da aka taɓa aika ya yanko wani. Haka ma shagon da yaro ya bar aiki, ko gidan da aka sallami maigadi. Wannan ba zargin kowa ba ne, kuma yana kare mutumin kirki daga zato ranar da wani abu ya ɓata. Irin silindar da ta fi yawa yanzu ƙusa ɗaya ce ke riƙe da ita a gefen ƙyaure, ana sauya ta ba tare da an cire makullin gaba ɗaya ba. A tafi kasuwa da tsohuwar silindar don a gwada tsayi, domin wadda ta leƙo waje fiye da milimita 3 tana ba da wurin kamawa a ɓalle ta. A ajiye ɗan makulli na asali guda ɗaya ba a amfani da shi, duk lokacin da za a yanko wani a yanko daga gare shi. Wanda aka kwafa daga kwafi yana ɗauke da kuskuren na gabansa, kuma shi ne ke cinye ƙarafunan ciki. A ofis ko makaranta, a buɗe littafi: wa ya karɓa, yaushe, yaushe ya dawo da shi.

Ban da makulli, masu kyamarar tsaro ma suna da nasu tarkon. Ganin hoto a talabijin ba ya nufin na'urar ajiye hoto tana ajiyewa. Faifan ajiya kan mutu shiru, musamman inda wuta ke yawan ɗaukewa da dawowa, ko inda aka kulle na'urar a akwatin da iska ba ta shiga alhali zafin Afrilu ya haura digiri 40. Kowane mako a koma baya a kalli abin da aka ɗauka jiya da dare, a kuma duba kwana nawa na'urar ke riƙewa kafin ta share tsoho. A duba kwanan wata da agogo: akwai ɗan batir mai kama da kwabo a cikinta, idan ya ƙare sai lokaci ya rikice duk sanda wuta ta ɗauke, kuma hoton da kwanan watansa ba daidai ba hujja ce mai rauni a gaban 'yan sanda ko alƙali. A haɗa na'urar da kyamarorin da inbata ko sola, a goge gilashi da ƙyalle mai laushi bayan ƙura, a share yanar gizo-gizo da ke mayar da hoton dare fari fat. Sannan a sauya lambar sirrin da na'urar ta zo da ita daga kamfani, da wadda mai haɗawa ya sa. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye ɗimbin kyamarori da na'urorin ajiye hoto a faɗin duniya, ba da wata dabara mai zurfi ba, sai ta hanyar gwada lambobin sirrin kamfani da masu su ba su sauya ba.

Wayar lantarki ta kan katanga tana rauni idan reshe ko ciyawar damina ta taɓa ta, haka kuma da rani idan ƙasar da aka kafa ƙarfen atin a ciki ta bushe ƙayau. A riƙa jiƙa wurin. Batirinta mai bolt 12 yakan gaji bayan shekara biyu zuwa uku. A kashe ta kafin a taɓa. Makulli mai karanta yatsa kuma, a sauya batirinsa da zarar ya fara kukan gargaɗi, kuma ɗan makullinsa na ko-ta-kwana kada a bar shi cikin ɗakin da yake kullewa.

Akwai abin da ya fi damuna fiye da sata. Mun kewaye tagoginmu da ƙarafuna, mun sa ƙofofin ƙarfe masu sakata uku, sannan da dare a kulle ta ciki a jefa ɗan makulli inda mutum ɗaya kaɗai ya sani. Idan gobara ta tashi, hayaƙi kan cika ɗaki cikin mintuna kaɗan, a duhu, kuma maƙwabtan da suka kawo ɗauki ba za su iya fasa abin da aka yi don kada ya fasu ba. A samu mai walda ya mayar da ƙarfen taga ɗaya a kowane ɓangaren kwana mai buɗewa ta ciki. A kafa ƙusa kusa da ƙofar fita, inda hannu daga taga ba zai kai ba, a rataye ɗan makulli a nan kullum. Uwargida da yaran da suka yi wayo da duk baƙon da ya kwana su san wurin, kuma kowannensu ya gwada buɗe ƙofar da hannunsa, fitila a kashe.