Manhajar da Aka Sake Ƙullawa

Manhaja ita ce abin da ake zubawa a cikin waya don ta yi wani aiki. WhatsApp manhaja ce. Facebook ma manhaja ce, haka wadda banki ke bayarwa don tura kuɗi. Mutane ne suke zama su rubuta ta, kuma kowace manhaja tana da mai ita.

Mutum biyu ne suka ƙirƙiro WhatsApp a Amurka a shekarar 2009, Jan Koum da Brian Acton. A 2014 kamfanin Facebook ya saye ta, kamfanin da yanzu ake kira Meta. Meta ne ke gyara ta, shi ke sabunta ta. To amma a wayoyin mutanenmu da yawa akwai wasu masu kama da ita: GB WhatsApp, FM WhatsApp, YoWhatsApp, WhatsApp Plus. Ba Meta ne ya yi su ba. Wasu mutane ne suka ɗauki ta asalin, suka buɗe cikinta, suka ƙara abin da suka ga dama, suka sake rufewa, suka saka ta a intanet.

Ka tuna madarar gari da ake ƙullawa a leda. Mai shago ya buɗe buhu, ya auna da cokali, ya ƙulla. Ledar ba ta da sunan kamfani, ba ta da ranar lalacewa. Madarar na iya zama mai kyau, ana kuma iya haɗa ta da wani gari, ido ba zai gane ba. Abin da ka dogara da shi kawai shi ne amanar wanda ya ƙulla. Mai shagon unguwarku ka san shi, ka san gidansu. Wanda ya ƙulla GB WhatsApp kuwa ba ka san shi ba, wanda ya tura maka ita ma bai san shi ba.

Ba kowace manhajar da aka sake wa fasali ba ce mai haɗari. Babbar manhajar da ke tafiyar da yawancin wayoyinmu sunanta Android, ta kamfanin Google. Google ya bar tushenta a buɗe don masu ƙera waya su ɗauka su gyara. Shi ya sa Tecno ke da HiOS, Infinix ke da XOS, Samsung ke da One UI. Duk Android ce aka yi wa ƙari. Amma waɗannan da izini suka yi, sunansu na jikin wayar, kuma in an sami matsala an san wanda za a nema. WhatsApp bai ba kowa irin wannan izini ba.

Masu amfani da GB suna da dalilansu, kuma bai kamata a raina su ba. Tana nuna saƙon da aka goge. Tana ajiye hoto ko bidiyon da wani ya ɗora a sitatus. Tana canza launi, tana ɓoye cewa kana kan layi. Mutum ya ga wannan a wayar abokinsa, ya ce a tura masa ta manhajar tura kaya ta Xender, cikin minti kaɗan ta shiga. Abin da ba a faɗa masa ba shi ne abin da ya bayar a madadin wannan.

Tun 2016 WhatsApp ta asali take kulle saƙo tun daga wayar mai turawa, ba ya buɗewa sai a wayar wanda aka tura wa. Wannan kariya ce babba. Sai dai a ina saƙon ke buɗewa? A cikin manhajar da ke wayarka. Idan baƙo ne ya taɓa wannan manhajar, to yana zaune daidai wurin da ake buɗe saƙon. Ga shi kuma da hannunka ka danna mata izinin ganin lambobin mutanenka, da hotunanka, da ɗaukar muryarka.

Abin ya taɓa faruwa. A watan Agustan 2021 masu bincike na Kaspersky, wani kamfanin tsaron kwamfuta na ƙasar Rasha, sun gano muguwar manhaja mai suna Triada a cikin wani samfurin FM WhatsApp. Ta shiga ne ta ɓangaren tallace-tallacen da aka ɗora a ciki. Tana iya cika waya da talla, tana iya shigar da mai waya cikin tsarin da ake cire masa kuɗi bai sani ba, tana kuma iya karanta saƙon tes. A 2022 suka sake gano ta a wani samfurin YoWhatsApp. Batun tes ɗin nan shi ya fi damuna, domin ta tes ake turo lambar sirrin da ke tabbatar da cewa kai ne mai asusu.

Akwai kuma rufe layi. Kamfanin WhatsApp ya bayyana cewa amfani da waɗannan manhajoji ya saɓa wa ƙa'idarsa. Yakan fara da dakatarwa ta ɗan lokaci, sai ka ga agogo yana ƙirgawa a fuskar waya, ba ka iya tura komai. Wanda ya ƙi canzawa ana iya rufe masa lambar gaba ɗaya. Ga mai sayar da atamfa ko mai ɗinki da duk masu cinikinta ke nemanta ta wannan lamba, asara ce babba.

Yanzu da ka san wannan, za ka so ka faɗa wa na gida. Kada ka fara da tsoratarwa, kada ka ƙwace wayar ka goge. Ka zauna kusa, wayar tana hannun mai ita. Ga yadda wani saurayi zai iya yi da ƙanwar mahaifinsa:

"Goggo, wa ya saka miki wannan WhatsApp ɗin?"

"Yaron da ya saita mini wayar. Ya ce ta fi kyau. Me ya faru, ɗan nan?"

"Ba ta kamfanin ba ce, Goggo. Wani ne ya buɗe tasu ya sake ƙullawa, kamar madarar leda. Ba mu san abin da ya ƙara ba."

"To ai aiki take yi lafiya lau."

"Tana yi. Amma za su iya rufe miki lambar, masu sayen kaya su neme ki su rasa. Kuma a wayar nan saƙon banki ke shigowa."

"Subhanallahi! To yaya za a yi da lissafin bashin da ke ciki?"

Tambayar Goggo ita ce ta gaskiya, kuma ita za a fara amsawa. Ba lallai ne tsofaffin hirarraki su biyo ka zuwa ta asali ba. Don haka kafin a goge komai, a kwafe lissafin bashi a littafi, a ajiye hotuna da takardu masu muhimmanci a wani wuri cikin wayar. Sannan a cire ta ƙullin. A buɗe Play Store, a rubuta WhatsApp, a duba ƙasan sunan: za a ga an rubuta WhatsApp LLC. Wannan ita ce ta kamfani. A sauke ta, a saka lambar waya, a shigar da lambobi shida da za su zo ta tes. Waɗannan lambobi ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce daga kamfani yake. Daga nan a shiga saiti a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a zaɓi lambar sirri mai lambobi shida da mai wayar zai iya tunawa.

Wasu abubuwan da ke jan mutane zuwa GB yanzu suna cikin ta asali. Tun 2022 ana iya ɓoye cewa mutum yana kan layi. Tun 2023 ana iya ajiye lamba biyu a manhaja ɗaya. 'Yan kasuwa kuma suna da tasu ta kamfani, WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018. Ganin saƙon da aka goge ne babu, kuma a ganina gara haka, domin wanda ya goge maganarsa ya janye ta ke nan.

In ba ka tabbatar da wacce ke wayarka ba, duba sunanta. In akwai GB, ko FM, ko Yo, ko Plus, ta ƙulli ce. In ta ce ta tsufa, ta tura ka wani shafin intanet don sabuntawa maimakon Play Store, ita ma haka. Ranar da ka kai sabuwar waya wurin mai saitawa, ka ce masa tun farko: "Malam, ta Play Store nake so, kuma a gabana za ka sauke."