Labarin Buck Rogers, Mai Barcin Shekara 500

Wanda ya taɓa riƙe aji ya san yara da hotuna. Ka ba yaro littafi ya yi ta hamma, amma ka miƙa masa jarida mai zane, ko ƙararrawar tashi ba zai ji ba. To, bari mu duba asalin ɗaya daga cikin irin waɗannan labaru, ko mu gane sirrinsu.

A cikin Agusta 1928 wani Ba'amurke, Philip Nowlan, ya buga labari a mujallar Amazing Stories. John Dille, mai sayar wa jaridu labaru a Cikago, ya gani, ya nemi a mai da shi zane. Aka ba Dick Calkins aikin, shi kuwa dā matuƙin jirgin sama ne na soja. Ran 7 ga Janairu 1929 aka soma.

Ga yadda labarin ya ke. Rogers ya shiga wani ramin ma'adini, ramin ya rufta, wata iska ta sa shi barci. Da ya farka sai ya tarar shekara 500 ta wuce. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, mun san labarin Ashabul Kahfi. Amma shi abin da ya tarar dabam ne: mutane na ɗaura wata ɗamara su tashi sama, bindiga na harba haske, daga baya har jirage na zuwa duniyar Mars. Wata yarinya, Wilma Deering, ita ta zama abokiyar yaƙinsa.

Dabarar kuwa ita ce, kullum hoto uku ko huɗu kaɗai a ke bugawa, sa'an nan a yanke daidai inda jarumin ya shiga uku. Mai karatu ba shi da zaɓi sai ya sayi ta gobe. Ni dai na gwada haka ranar koyon koyarwa, na yanke tatsuniya a tsakiya, wanshekare ba wanda ya makara.

Akwai aibi, kada in ɓoye. Miyagun farko na labarin Mongol ne, an zana su da raini ƙwarai, don haka sai malami ya tace kafin ya nuna wa yara.

Labarin ya shiga rediyo a 1932, kishiyarsa Flash Gordon ta fito a 1934. Aka daina buga shi a 1967, watau saura shekara 2 mutum ya taka wata. An sake tā da shi a 1979, ya tsaya a 1983.