Filin Gwaggo: Ina neman dangin kakana

 Ni haifaffen Kumasi ne. Kakana ya baro ƙasar Kano da fataucin goro tun zamanin Turawa, ya rasu a Zango bai koma gida ba. Abin da ya bar mana sunan ƙauyensu ne da wata takardar ajami da ta ambaci gona. Na ji a Ingila mutane na gano asalinsu ta tsofaffin wasiyyoyi. Ni ta ina zan fara?
Ɗanki, daga Kumasi.

Ɗana, Allah ya jiƙan kakanka, kai kuma ya saka maka da alheri a kan wannan niyya.

Kada ka sa rai da wasiyya. Mutanenmu ba su cika rubuta ta ba, domin shari'a ta riga ta tsara rabon kowane magaji, wasiyya kuwa ba ta wuce sulusin dukiya. Inda sunaye suke shi ne littafin alƙali. In gado ya je gabansa, magatakarda kan rubuta sunan mamaci da na magada, da abin da aka bari, saboda a cire ushira. Shafi guda irin wannan zai iya ba ka gida sukutum.

Rubuce-rubucen shari'ar fadar Sarkin Kano Abbas, wanda ya yi mulki daga 1903 zuwa 1919, suna nan da Larabci, cike da rigingimun gona da gado. Ka je Gidan Ɗan Hausa a Kano, inda hukumar tarihi ta jiha take, sannan ka wuce Kaduna, ma'ajiyar tsofaffin takardu ta ƙasa da kuma Arewa House. A Kaduna ka nemi rahotannin haraji na gundumar da ƙauyenku yake. Ka tafi da malamin da ya iya karanta rubutun hannu irin na da, ka kuma shirya zaman haƙuri, don takardun sun tsufa, wasu gara ta ci.

Amma kafin Kaduna, ƙauyen tukuna. Gonakin karkara yawanci ba su da takarda. Shaidarsu tana bakin dagaci da mai unguwa da dattawan da suka san iyaka. Ka kai musu sunan kakanka na yanka da laƙabinsa duka. Audu da yawa ne a kowane gari, amma Audu Dogo ɗan wane, mai goro, wanda ya tafi Gwanja bai dawo ba, wata tsohuwa na iya tuna shi. Tsofaffin nan kullum raguwa suke yi, shi ya sa nake gaggauta ka.

Takardar nan taka ce ta fi damuna. Ranar da baƙo ya sauka da takarda mai maganar gona, kowa zai ɗauka gado ya zo karɓa, bakuna su rufe. Ka bar ta cikin jaka. Ka faɗa wa dagaci tun a zaure cewa zumunci ya kawo ka, kuma ka tabbata haka ne a zuciyarka.

Ka kuma shirya wa abin da za ka tarar. Littattafan wancan zamani akwai shari'un fansar bayi da yawa a cikinsu. In sunan wani naka ya fito a can, naka ne, ka yi masa addu'a kamar sauran.

Ka ɗauki hoton takardar yau ɗin nan, ka adana ta inda laima ba za ta taɓa ta ba. In ka dawo daga ƙauyen, ka rubuto mini yadda kuka yi.